Jar giyar Bordo marar zaƙi: da me ake cin ta, kuma da gaske maganin zuciya ce?

Tambaya:

Ranka ya daɗe, barka da ƙoƙari. Ni ma'aikaci ne a ɗakin cin abinci na wani otal a Abuja, kwanan nan aka mayar da ni ɓangaren kai wa baƙi abin sha. Ni ba na shan giya, ban taɓa sha ba, amma aiki ya sa dole in san abin da nake zuba wa mutane. Wadda ta fi fita a wurinmu wata jar giyar inabi ce ta yankin Bordo na Faransa, marar zaƙi. A bayan kwalbar an rubuta Merlot kashi 60, Cabernet Sauvignon 30, Cabernet Franc 10, ƙarfin barasarta kashi 13.5. Baƙi kan tambaye ni yaya take a baki, da wane abinci ta dace, sai in yi ta kame-kame. Amma ga abin da ya hana ni sukuni. Akwai wani dattijo da ke zuwa kusan kullum da dare. Da bakinsa ya faɗa mini yana da ciwon suga da hawan jini, yana allurar insulin. Ya ce wannan kaɗai yake sha domin babu suga a cikinta, kuma tana wanke zuciya. Wani dare yakan shanye kwalba shi kaɗai, abinci kuwa sai ɗan tsakura. Manajanmu kuma ya ce mu riƙa gaya wa baƙi tana ƙara jini tana gyara zuciya, don ciniki ya tafi. Raina bai kwanta ba. Ina tsoron wata rana a wayi gari da hannuna na zuba wa bawan Allah ajalinsa. Don Allah a warware mini.

Amsa:

Ƙanena, tsoron nan naka a kan hanya yake, kada wani ya ce maka shisshigi ne. Mai allurar insulin da ke shanye kwalba guda a kan cikin da babu abinci da ransa yake wasa, kuma abin da manajanku ya ce ku riƙa faɗa ƙarya ce tsagwaronta. Bari in fara sallamar ka a kan ɗanɗano da abinci, tunda ita ce mai sauƙi, sannan mu zauna a kan dattijon. Maganar halaccin aikin kuwa ta malamanka ce. Ni aikin otal da kimiyyar abinci nake koyarwa, a nan zan tsaya.

Lissafin da ke bayan kwalbar, wato nau'o'in inabi uku da aka haɗa, ya riga ya ba ka rabin labari. In Merlot ce ta fi yawa, salon gaɓar dama ta kogunan yankin Bordo ke nan, irin na garuruwan Saint-Émilion da Pomerol, kuma haka yawancin giyar Bordo ta yau da kullum take. Ta gaɓar hagu, wajen Médoc, Cabernet Sauvignon ce ke jan gaba, tana da tauri da bauri, tana son a ajiye ta shekaru kafin ta saki jiki. Taku mai laushi ce, ba ta buƙatar dogon jira. Merlot ke ba ta cika baki da taushi, Cabernet Sauvignon ta ba ta ƙarfi da bauri, ɗan Cabernet Franc ɗin nan kuwa don ƙamshi aka sa shi. Manoman can ba don ƙawa suke haɗawa ba. Merlot tana riga Cabernet Sauvignon nuna da mako ɗaya zuwa biyu, saboda haka in ruwan sama ya ɓata ɗaya lokacin girbi, ɗayar takan tsira. Shi ya sa lissafin ke canjawa daga shekara zuwa shekara. Kada ka haddace 60 da 30 da 10 ka ɗauka an gama, duk sabon kwalin da aka kawo ka juya kwalba ka karanta.

Tunda ba ka sha, idonka da hancinka su ne jarinka, kuma sun wadatar, domin mafi yawan abin da mutane ke kira ɗanɗano ta hanci yake shiga. Zuba kashi ɗaya cikin uku na kofin gilashin, ka karkata shi a kan farin ƙyallen tebur. Sabuwa ja ce mai duhu, gefenta na ɗaukar shunayya. Mai shekaru gefenta kan koma launin jan bulo. In ka ga ta shekara biyu ta riga ta yi ruwan ƙasa, ta tashi daga aiki. Juya kofin a hankali, ka kai hanci. A irin wannan haɗin za ka ji ƙamshin baƙaƙen 'ya'yan itace irin wanda ka sani a Ribena, da ɗan ƙamshin ɗanyen tattasai daga Cabernet ɗin biyu, in kuma ta kwana a gangar katako ka ji kanumfari da banila da ƙamshin fensir da aka feƙe yanzu. Wannan kaɗai ka faɗa wa baƙo ya ishe shi. Kada ka koyi surutun masu jero ƙamshi goma sha biyar a kan kofi ɗaya; mutum cin abinci ya zo yi.

A baki abu uku ake ji: tsami, ɗumin barasa, da bauri. Baurin shi ne wanda ya kamata ka gane sosai, don shi ke yanke hukuncin abin da za a ci. Sinadarin tanin ke kawo shi, daga ɓawon inabi da ƙwayarsa da katakon ganga, dangin wanda ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita. Yadda bagaruwa ke kama fata, haka tanin ke kama furotin ɗin yawu, baki ya bushe, dasashi ya ɗaure. In akwai nama da kitse a bakin, tanin ya sami abin kamawa, sai giyar ta yi laushi, ita kuma ta ɗauke maiƙon daga harshe. Dokar ke nan gaba ɗayanta, sauran duk rassa ne.

A Bordo kanta abokan cinta su ne naman ɗan rago na garin Pauillac, da tsokar haƙarƙarin sa da ake gasawa a kan busassun rassan inabi, da agwagwa. A jerin abincinku nemi makamantansu: balangu, gasasshen rago, naman sa mai ratsin kitse, cuku mai tauri. Gishiri yana tausasa ta. Barkono kuwa ba sa ga maciji. Barasa tana ƙara zafin yaji, yaji kuma yana fito da ɗacin tanin, saboda haka wanda ya haɗa ta da farfesu mai attaruhu zai ce maka giyar ce ba ta da kyau, alhali haɗin ne bai yi ba. Tsire yana tafiya da ita in an ajiye yajin a gefe mutum ya dangwala kaɗan. Kilishi a ganina bai dace ba, ga yaji ga ɗan zaƙi. Jalof da nama za ta wuce in ba a cika mata barkono ba, amma ba ita zan fara nuna wa baƙo ba. Kifi, musamman mai maiƙo, kan bar ƙarni irin na ƙarfe a baki, domin ɗan sinadarin ƙarfen da ke cikin jar giya ba ya jituwa da man kifi. Miyar shuwaka ɗaci ne a kan ɗaci. Kek da ayis kirim kuwa suna mayar da ita tsami zalla, duk tsadarta.

Abu ɗaya da otal-otal ɗinmu ke yawan kuskurewa shi ne zafi. Littattafan Turawa sun ce a sha ta a yanayin ɗaki, amma ɗakin da suke nufi digiri 16 zuwa 18 ne. Sito a Abuja cikin watan Maris yana haura 30. A wannan zafin barasar ce ke tasowa ta doki hanci, ƙamshin ya ɓace. Sa kwalbar a firji rabin awa zuwa minti 45 kafin a buɗe, in kuma sabuwa ce mai bauri, juye ta a tulun gilashi ta sha iska kamar rabin awa. Wadda aka buɗe aka rage, a toshe ta a mayar firji, kada ta wuce kwana uku. Kafin ka kai tebur duba toshiyar: in ta turo waje ko ka ga sawun yoyo a wuyan kwalba, zafi ya dafa ta a hanya ko a sito. In ka ji warin jiƙaƙƙen kwali, toshiyar ce ta ɓata ta, a mayar. Ka kuma san inda otal ɗinku ke sayowa. A Disamban 2023 hukumar NAFDAC ta bankaɗo shagunan da ake haɗa jabun giya da lemo a wata kasuwa a Aba, ana ɗura su a tsofaffin kwalabe masu sunan kamfanoni. Jabu ba a san abin da ke ciki ba, har sinadarin metanol mai makantarwa da kisa ana iya samu. Kwalaben da aka shanye a fasa su ko a ɓata takardarsu kafin a zubar.

To, yanzu ga dattijonka. Na gaji da jin wannan magana ta cewa jar giya magani ce. Ina jin ta a aji daga bakin ɗalibai, ina jin ta daga manajoji, tana yawo a WhatsApp da hoton zuciya da kofi, har wasu masu farar riga da ya kamata su fi kowa sani suna maimaita ta don kada su ɓata wa babban mutum rai.

Da ya ce babu suga a ciki, gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar nan ce tarkon. A ƙa'idar Tarayyar Turai, giya marar zaƙi ita ce wadda sugan da ya rage a cikinta bai wuce giram 4 a lita ba, ana ɗaga shi zuwa 9 in tana da tsami sosai. Amma sugan inabin ina ya tafi? Yis ya cinye shi ya mayar da shi barasa. Kwalba mai mililita 750 da ƙarfin 13.5 tana ɗauke da kimanin giram 80 na tsantsar barasa, wato kofi biyar, kowanne giram 16. Hukumomin lafiya na Birtaniya tun 2016 suka ce kada mutum ya wuce ma'auni 14 a mako, kowane ma'auni giram 8 ne na tsantsar barasa, kwalba irin taku kuwa ma'auni 10 ce. Dare biyu kacal ya zarce na mako guda, kuma wannan lissafin na mai lafiya ne.

Ga abin da ke faruwa a jikinsa. Hanta ce ke riƙe da sugan jini tsakanin ci da ci, musamman cikin dare: tana sakin wanda ta ajiye, in ya yi ƙasa ta ƙera sabo. Da barasa ta shigo, sai hanta ta ajiye ƙera suga ta koma kan barasar, domin a wurinta guba ce da dole a fara kawarwa. Insulin da ya yi wa kansa kuwa babu ruwanta, tana nan tana jan suga ƙasa. Abinci bai ci ba, hanta ta shagala, allura tana aiki. Sugan sai ya faɗi ƙasa da 70 a na'urar awon suga, ya ci gaba da faɗuwa. Abin takaicin shi ne ba lallai a teburinka hakan zai faru ba. Yakan zo bayan sa'o'i, sau da yawa cikin barci, kuma haɗarin na iya kaiwa har washegari. Alamominsa kuma su ne zufa, karkarwa, harshe na sarƙewa, tangaɗi, faɗa ba dalili, gyangyaɗi. Faɗa mini, wa zai bambance wannan da maye? Sai a ce Baba ya bugu, a kama shi a kai ɗaki ya kwanta, a ja ƙofa. Masu shan ƙwayar maganin suga ta glibenclamide ma haka abin yake a kansu. Masu metformin nasu haɗarin daban ne, yawan barasa na iya sa jininsu ya tara tsami, abin da ba ya yawan faruwa amma yana kisa.

Saboda haka ka riƙe wannan, ka koya wa abokan aikinka. In ka ga ya fara zufa ko maganarsa ta rikice, kada ka yanke cewa maye ne. In yana cikin hayyacinsa yana iya haɗiya, ba shi rabin kofi na lemon kwalba mai suga, ba irin wanda aka rubuta babu suga ba, ko babban cokali ɗaya na suga a ruwa. A jira minti 15, in bai dawo daidai ba a ƙara, sannan a ba shi abinci mai nauyi. In ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi a gefensa, a nufi asibiti, a gaya musu yana kan insulin kuma ya sha giya.

Maganar zuciya kuwa tana da ranar haihuwa. A Nuwamban 1991 tashar CBS ta Amurka, a shirinta na 60 Minutes, ta yi hira da wani masani Bafaranshe, Serge Renaud, a kan dalilin da ya sa Faransawa ke cin cuku da man shanu amma ciwon zuciya bai kashe su kamar Amurkawa. Aka ɗora abin a kan jar giya. Cinikinta ya yi tashin gwauron zabo a Amurka, daga nan labarin ya zagaye duniya, har ya iso bakin manajanku bayan shekara talatin da 'yan kai. Abin da bai iso ba shi ne duk abin da bincike ya gano a kan maganar.

Tun 1988 wani mai bincike a Ingila, Gerald Shaper, ya nuna inda gizo ke saƙa. In ka kasa mutane gida biyu, masu ɗan sha da marasa sha, a cikin marasa shan akwai waɗanda suka daina ne domin likita ya hana su, hanta ta taɓu ko zuciya ta gaza. Dole marasa sha su fito kamar sun fi mutuwa, ba don rashin giya ba, sai don an zuba marasa lafiya a cikinsu. Ƙari a kan haka, mai shan kofi ɗaya na giyar inabi da abinci a Turai galibi mai hali ne, yana da likita, yana cin mai kyau. A 1999 Malcolm Law da Nicholas Wald suka nuna cewa likitocin Faransa ba sa rubuta ciwon zuciya a takardar mutuwa kamar yadda na Ingila ke yi, kuma Faransawa ba su daɗe da fara cin kitse da yawa ba, cutar kuwa shekaru take ɗauka kafin ta bayyana. A 2023 aka tattara bincike 107 aka sake auna su bayan gyara irin waɗannan kurakurai, sai fa'idar da ake cewa ɗan shan yana tsawaita rai ta ɓace. A Chaina an bi mutum kusan rabin miliyan, aka yi amfani da bambancin ƙwayoyin halittar da ke hana wasu jure barasa, sakamakon da ya fito a 2019 ya nuna iya shanka iya hauhawar jininka da haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Dattijonka mai hawan jini ne. Maganin da yake haɗiya da safe, kwalbar dare tana warware shi.

Za su ce maka ai akwai resberatirol a ɓawon inabi, sinadarin da ake cewa yana kare zuciya. Akwai. Binciken da ya yi masa suna a 2006 a kan ɓeraye aka yi shi, kuma in za a ba mutum gwargwadon abin da aka ba ɓeran ta hanyar giya, sai ya sha ɗaruruwan kwalabe a rana. A yankin Chianti na Italiya, gidan jar giya, an bi tsofaffi 783 tsawon shekara 9, aka buga sakamako a 2014: yawan sinadarin a jikinsu bai rage ciwon zuciya ko ciwon daji ko mutuwa ba. A 2012 Jami'ar Connecticut ta sami ɗaya daga cikin masu tallata wannan sinadari, Dipak Das, da ƙirƙira da murɗe sakamako har sau 145. A 2018 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta soke wani babban gwaji na dala miliyan 100 da aka shirya don auna amfanin kofi ɗaya a rana, bayan ta tabbata kamfanonin giya ne ke biyan mafi yawan kuɗin kuma an yi ta zawarcinsu ta bayan fage. Ka ga irin tushen da maganar ta tsaya a kai.

Don in yi adalci, har yau akwai masanan da ke jayayya a kan ko ɗan kofi guda yana rage bugun zuciya kaɗan. Amma babu wata hukumar lafiya ta kirki da ke ce wa wanda ba ya sha ya fara don lafiyarsa, kuma babu mahalukin da ke jayayya a kan kwalba guda a dare. Ƙungiyar Zuciya ta Duniya ta fito a 2022 ta ce babu adadin barasa da ke da amfani ga zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a Janairun 2023 babu adadin da za a kira marar illa. Tun 1988 aka sa abin sha mai barasa a rukuni na ɗaya na abubuwan da ke haddasa ciwon daji, rukuninsu ɗaya da taba, kuma an tabbatar da hannunta a dajin baki, maƙogwaro, hanta, hanji da nono. Barasar da ke cikin kwalbar Bordo mai tsada ita ce dai wadda ke cikin burkutu da ogogoro. Hanta ba ta karanta takardar kwalba.

Ƙarin jini kuwa, wannan ita ta fi ba ni haushi, domin mata ake cuta da ita, masu jego da masu ciki da waɗanda suka tashi daga jinya. Dalilin kawai shi ne ja ce, jini ma ja ne. Jan nan daga ɓawon inabi yake. Matse Merlot ka cire ɓawon nan take, ruwan da za ka samu kusan fari ne. Ƙarfen da ke cikinta kaɗan ne, kuma tanin ɗin da muka yi magana a kai yana riƙe ƙarfen abinci ya rage wanda hanji zai tsotsa, kamar yadda baƙin shayi ke yi. Yawan barasa kuma yana hana jiki amfana da folik asid, wanda da shi ake ƙera ƙwayoyin jini. Tana ratsa mahaifa ta kai ga ɗan tayi, tana shiga ruwan nono. Mai ƙarancin jini asibiti zai je a gano dalili, ko zazzaɓin cizon sauro ne, ko tsutsar ciki, ko zubar jini, ko sikila, a ba shi magani, ya ci hanta da nama da wake da ganye. Ga kuma wani abu da manajanku bai lissafa ba: babban binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manyan Najeriya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, yawancinsu ba su sani ba. A cikin kowane baƙi goma sha biyu da kuka gaya wa giya magani ce, ana iya samun ɗaya da hantarsa ke cikin yaƙi tun kafin ya zauna.

Ka gaya wa manajan wannan, cikin ladabi: kamfanin da ya yi giyar a Faransa, doka ta hana shi rubuta abin da ake so ku faɗa. Dokar Tarayyar Turai ta 2006 ta haramta danganta amfanin lafiya ga duk abin sha da ƙarfin barasarsa ya wuce kashi 1.2. Faransa kanta a 1991, shekarar da Amurkawa ke tafa wa giyarta, ta kafa dokar Évin da ta taƙaita tallan barasa. Mai gonar inabin ba ya iya cewa tana gyara zuciya, sai a sa yaro mai albashin wata a Abuja ya faɗa, in wani abu ya faru kuma a ce ai shi ya faɗa da bakinsa. Mai son ciniki ya sayar da ita a kan abin da take: tana da ƙamshi, tana tafiya da gasasshen nama. Wannan ba ƙarya ba ne, kuma ya isa ya sayar da kwalba. In ya nace, kai dai kada kalmar magani ta fito daga bakinka, baƙon da ya tambaye ka batun lafiya ka ce masa wannan tambayar likita ce.

Dattijon kuwa babba ne, ba za ka ƙwace masa kofi ba, ba kuma za ka yi masa wa'azi a gaban mutane ba. Amma akwai abin da ke hannunka. Ka fara kai abinci kafin abin sha, abinci mai shinkafa ko dankali ko burodi, ba nama zalla ba. Ka yi masa tayin kofi maimakon kwalba, ka ajiye ruwa a gefensa, kada ka riƙa cika masa kofi da ya yi rabi kamar yadda aka koya muku. In a otal ɗin yake kwana, masu karɓar baƙi na dare su san yana kan insulin. In gida zai koma, ka tabbata ba shi zai tuƙa ba. Sannan ka nemi lokacin da babu kowa kusa, ka rusuna ka ce masa, Baba, na ji an ce giya marar suga tana iya faɗar da sugan mai allura cikin dare, don Allah in kun je asibiti ku gaya wa likita adadin da kuke sha, ku ji abin da zai ce. Ka ce adadin, domin yawancinsu likita ɗan kofi suke gaya wa, ba kwalba ba. Ka kuma roƙe shi ya riƙa auna sugansa kafin ya kwanta, ya ajiye wani abu mai zaƙi kusa da gado, mutanen gidansa su san cewa in ya yi nauyin tashi da safe ba barcin gajiya ba ne, a auna shi nan take.